Yadda Ake Gyara Tsohon Gidan Tafi-da-Gidanka a Sake Masa Fenti a Gida

Duk wanda ya mallaki tsohon gidan tafi-da-gidanka, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa tun farko shi ne launin da zai shafa masa, domin fentin da ya koɗe shi ne abin da ido ke fara cin karo da shi. Sai dai fenti aiki ne na kusa da ƙarshe, kuma daɗewarsa ta dogara ne kacokan a kan abin da aka yi kafin a buɗe gwangwaninsa. Babban abin da ke kashe waɗannan gidaje shi ne ruwa, wanda yakan shiga ta wata 'yar kafa a jikin rufi ko gefen taga, ya yi shekaru yana cin katakon da ke ɓoye a cikin bango ba tare da kowa ya lura ba. Wanda ya shafa fenti a kan jikin da ke yoyo ya rufe wa kansa alamun da za su nuna masa inda ɓarnar take, don haka tsarin aikin shi ne a gano ruwan, a gyara abin da ya ɓata, sannan a zo maganar launi.

Kafin ka taɓa komai, ka san irin ƙirar da ke gabanka. Mafi yawan waɗanda aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa na 1970, kamar Sprite na Ingila da Shasta na Amurka, suna da firam na katako, an lulluɓe shi da siririn fallen alminiyum daga waje da siririn filawud daga ciki, an cusa audugar gilashi ko farar kumfa a tsakani don tare zafi da sanyi. Airstream, wanda Wally Byam ya kafa kamfaninsa a Amurka, haƙarƙarinsa da fatarsa duk alminiyum ne da aka haɗa da ribit, wato ƙusoshin da ake danne bakinsu su riƙe fallaye biyu, ko da yake daɓensa filawud ne kuma yana ruɓewa kamar na kowa. Eriba na Jamus kuwa a kan firam na bututun ƙarfe aka gina shi, saboda haka tsatsa ce damuwarsa. Wasu kuma gabansu da bayansu, ko ma jikinsu gaba ɗaya, na faiba ne, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Ka ɗauki maganaɗisu ka bi jikin da shi: inda ya kama ƙarfe ne, inda bai kama ba alminiyum ne ko faiba, kuma kowannensu yana da irin fentin shimfiɗar da yake karɓa, wato fentin da ake fara shafawa a ƙasa don na sama ya kama.

Wurin aikin ya zama daɓe mai ƙarfi kuma miƙaƙƙe, a ƙarƙashin rumfa idan da hali, in babu kuma ka tanadi tamfol babba, domin akwai kwanakin da gidan zai zauna babu tagogi. Ka sa waigi a tayoyi, ka cire tukunyar gas da batir. Idan za ka shiga ƙarƙashi, ka ɗora shasin a kan matokaran ƙarfe da aka yi domin ɗaukar nauyi, kada ka amince wa jak shi kaɗai, kada kuma ka ɗaga gidan da ƙafafu huɗun nan na kusurwa, waɗanda aikinsu hana girgiza ne kawai. Ka ɗauki hoton kowane abu kafin ka kwance shi, ka zuba sukurorinsa a leda ka rubuta inda suka fito, saboda bayan wata biyu ba za ka tuna ba.

Neman inda ruwa ya shiga

Ka fara da hanci. Gidan da ya sha ruwa yana da warin fumfuna da ba ya ɓoyuwa, musamman a cikin kabad da ƙarƙashin kujeru inda iska ba ta zagayawa. Daga nan ka bi bangon ciki da tafin hannu kana dannawa, ka fi mai da hankali ga ƙasan tagogi, kewayen tagar rufi, kusurwoyi huɗu, da inda bango ya haɗu da daɓe. Filawud mai lafiya yana da tauri kuma yana amsa ƙwanƙwasa da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa yakan lotsa, ya yi baƙin tabo ko ƙananan ƙuraje a fuskarsa. Ka taka daɓen ko'ina da ƙafa ɗaya, domin inda ya yi laushi kamar soso alama ce ta ruɓewa ko ta rabuwar fallayen da aka manna aka yi shi.

Na'urar auna danshin katako, mai 'yan allurai biyu da ake cakawa, ita ce kayan aikin da na fi ba da shawarar a fara saya, tun kafin burushi. Idan ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin 100, wurin a bushe yake. Tsakanin 15 da 20 wuri ne da za a sa wa ido a sake aunawa, abin da ya haura 20 kuwa ya isa danshin da naman gwarin da ke ruɓar da katako ke rayuwa a cikinsa, kuma da zarar ka ga 30 to ka shirya buɗe bangon. Ka riƙa rubuta adadin da fensir a kan tef a daidai inda ka auna, ta yadda daga baya za ka ga hanyar da ruwan ya bi. Sau da yawa inda ya taru ba nan ya shiga ba, yakan shiga ta rufi ne ya gangaro ta jikin firam har ƙasa.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a jikin wannan gida tsagar tana ƙarƙashin dogayen sandunan alminiyum da suka rufe mahaɗar rufi da bango, da kewayen tagogi, fitilu, mariƙai da ƙofa. An ɗora su ne tun asali a kan wani gam mai laushi da ke hana ruwa wucewa, wanda bayan shekaru arba'in ko hamsin ya bushe ya farfashe. Ka zare robar da ta rufe kawunan sukurori a tsakiyar sandar, ka kwance guda ɗaya ka duba shi da kyau. Idan ya fito da haskensa kuma ya yi gardama wajen fitowa, katakon da ke riƙe da shi yana nan lafiya. Idan kuwa ya yi ta juyawa a raminsa bai kama komai ba, ya fito baƙi ƙirin da tsatsa, da ɓurɓushin jiƙaƙƙen katako manne a zarensa, to ka samu amsarka ba tare da ka fasa bango ba.

Gyaran katakon ya fi sauƙi daga ciki. Ka cire kabad ko kujerar da ta tare wurin, ka yanke filawud ɗin da ya lalace, ka fitar da jiƙaƙƙiyar audugar, ka bar wurin a buɗe ya sha iska har na'urar ta nuna ya bushe, ko da hakan zai ɗauki makonni. Ka yanke ruɓaɓɓen katako har sai ka isa mai lafiya, ka ƙara kamar tsawon tafin hannu a kan haka, sannan ka sa sabo mai kauri daidai da na asali, wanda aka yi wa maganin ruɓewa, ka haɗa su da gam mai jure ruwa da sukurori. Kada ka ga kamar katako mai kauri ko mai nauyi ya fi, domin an ƙera gidan ne a kan wani nauyi da aka ƙayyade, kuma duk abin da ka ƙara tayoyi da birki ne za su ɗauke shi. Idan ruɓewar ta ci kusurwa gaba ɗaya, ka tokare rufin daga ciki kafin ka cire komai, ka kuma yi kusurwa ɗaya ka gama kafin ka buɗe ta biyu, don kada jikin ya karkace. Daɓen da fallayensa suka rabu amma bai ruɓe ba ana gyara shi ne ta hanyar huda ƙananan ramuka a jere, a ɗura gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi, a toshe da 'yan sandunan katako, a ɗora nauyi a kai har ya kama.

A nan akwai gargaɗi biyu da ba na wasa ba. Tsofaffin tayil ɗin roba na daɓe da abin da aka naɗe bututun hita da shi suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa mummunar cutar huhu, don haka kada a goge su da inji ko a farfasa su kafin a kai samfuri a gwada. Haka nan tsohon fenti yana iya ƙunsar darma, wadda ƙurarta guba ce. Amurka ta hana sayar da fentin gidaje mai darma a 1978, amma fentin motoci da na masana'antu bai shiga wannan hani ba a lokacin, saboda haka ka gwada da abin gwajin darma kafin ka fara gugar jikin.

Shasi ba ya buƙatar dogon bayani, amma kada a tsallake shi. Ka kankare tsatsa da burushin waya, ka ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma, duk inda ya huje ko ya yi siriri ka kira mai walda wanda ya san aikinsa. Sauran ka shafa masa maganin da ke kashe tsatsa, ka bi da fentin shimfiɗa mai tutiya da fentin shasi. Idan shasin irin wanda aka tsoma a tutiya ne tun daga masana'anta, wanke shi kawai za ka yi, ba a huda shi kuma ba a yi masa walda. Ka sa makaniki ya duba boris, birki da ƙugiyar ja. Tayoyi kuwa shekarunsu ake dubawa, domin na irin wannan gida sukan tsufa tun zanensu bai cinye ba: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar suna nuna mako da shekarar ƙira, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019, idan kuma lambobi uku ne to tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta kai shekara biyar ta isa canji, wadda ta wuce bakwai kuwa kada a hau titi da ita.

Shirya jiki da shafa fenti

Ka cire duk abin da ke ciruwa: sanduna, tagogi, fitilu, mariƙai, tambarin kamfani. Mutane da yawa sukan rufe su da tef su yi fenti a kewaye, amma tunda dole ne a sabunta gam ɗin da ke ƙarƙashinsu, cire su ya fi, kuma fentin zai shiga har inda ruwa ke kwanciya. Ka kankare tsohon gam da abin kankara na roba, ka goge ragowarsa da tina. Idan wani ya taɓa liƙe wata kafa da silikon, ka bi shi har sai babu ko ɗigonsa, domin fenti ba ya kama silikon, kuma ɗan abin da ya rage yakan sa sabon fenti ya janye ya bar ƙananan ramuka zagayayyu da ba sa rufuwa ko an sake shafawa. Bayan haka ka wanke jikin duka da ruwan sabulu mai cire maiƙo, tun daga rufi zuwa ƙasa, kafin samfefa ta taɓa shi, saboda guga a kan datti tura maiƙo take yi cikin ƙarfe.

Ba kullum ake buƙatar cire tsohon fenti gaba ɗaya ba. Ka shafa tafin hannunka a jiki: idan ya fito da farin gari, saman fentin ne rana ta ƙona, kuma guga za ta kai ka ga mai lafiya a ƙasa. Ka tsaga 'yan layuka masu gittawa da reza a wani ɓoyayyen wuri, ka manna tef mai ƙarfi ka fizge. Idan fentin ya zauna, ya isa ya zama tushe, sai ka dusashe shi da samfefa mai lamba 240 zuwa 320 har ƙyallinsa ya tafi ko'ina. Idan ya biyo tef ɗin, ko yana ɓarewa da kansa, sai an cire shi har ƙarfe.

Alminiyum yana da halinsa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Fatar waɗannan gidaje sau da yawa ba ta kai kaurin milimita 1 ba, saboda haka injin guga mai ƙarfi ko abin hura zafi yana iya lanƙwasa ta har abada, ya kuma shafe zanen da aka buga a jikin wasu. Kada ka yi amfani da maganin cire fenti mai soda mai ƙuna, domin tana cin alminiyum. Ka nemi wanda aka rubuta cewa ya dace da shi. Kada kuma ka goge shi da burushin waya na ƙarfe ko soson ƙarfe, saboda ɓurɓushin ƙarfen yakan maƙale a jiki ya haifar da zaizaya a ƙarƙashin fenti. Ka yi guga da ruwa inda ya yiwu don ƙura ta kwanta, da takunkumi mai matata a fuskarka da tabarau a idonka. Ƙananan lotsawa ana cike su da fila ta gyaran mota, siriri siriri, a goge ta daidaita, amma ni ina ganin gidan da ya shekara hamsin ba ya buƙatar ya zama sumul kamar sabo, kuma fila mai kauri a kan falle mai motsi tsagewa take yi.

Da zarar iska ta taɓa alminiyum tsirara, wani siririn ɓawo yakan rufe shi nan take, kuma fenti na yau da kullum ba ya riƙe wannan ɓawon. Shi ya sa ake fara shafa fentin shimfiɗa mai ɗan asid a ciki, wanda ke cizon ƙarfen ya kama shi, kuma ana shafa shi siriri a ranar da aka yi gugar, bayan an share jikin da maganin cire maiƙo da tsumma mai tsabta. A kansa ake ɗora fentin shimfiɗa na biyu, a bar shi ya bushe, a goge da samfefa mai lamba 400. Faiba ba ta buƙatar mai asid ɗin, nata daban ne, amma tsagogin da suka yi kamar saƙar gizo a fuskarta sai an buɗe su an cike, in ba haka ba za su sake bayyana ta cikin sabon fenti.

Ga mai aiki a gida, fentin mai irin na jikin motoci da ake shafawa da hannu, ko fentin jiragen ruwa mai gwangwani ɗaya, wato wanda ba a haɗa shi da sinadarin taurarawa, su ne suka fi dacewa, domin suna jinkirin bushewa har su baje da kansu, suna kuma jure rana da motsin jiki. Fentin da ake haɗa shi da sinadarin taurarawa ya fi ƙarfi, amma yana ɗauke da aisosayanet, wanda feshinsa ke lalata huhu, kuma takunkumi na yau da kullum ba ya tare shi, don haka a bar wa masu ɗakin feshi. Fentin bangon gida kuwa ba shi da wuri a nan. Duk abin da ka zaɓa, ka ɗauki na shimfiɗa da na sama daga kamfani ɗaya, ka gwada su a ƙaramin wuri a kan tsohon fentin ka jira kwana ɗaya, ka ga ko zai yamutse. Game da launi, rufi dai fari ya fi, domin launi mai duhu yana tara zafi, yana sa fallen ya riƙa buɗewa da tsukewa har ya gajiyar da gam ɗin mahaɗa.

Ka zaɓi rana mai sanyin iska marar ƙura, zafinta tsakanin digiri 10 da 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada rana ta bugi gefen da kake shafawa kai tsaye. Ka fara bayan raɓar safe ta bushe, ka gama da sauran lokaci kafin ta yamma ta sauka, domin raɓa a kan ɗanyen fenti tana kashe ƙyallinsa. Ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Hanyar da ta fi ba da sakamako mai kama da feshi ita ce ta mutum biyu, ɗaya da ƙaramar rola ta soso mai faɗin santimita 10, ɗaya da burushi mai laushi. Mai rola ya shafa wuri kamar rabin mita, siriri, har ya rufe; nan take mai burushi ya bi bayansa, ya kwantar da burushin, ya ja bakinsa kawai a kan fentin daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya, ba tare da dannawa ba. Za ka ga ƙananan kumfar da rola ta bari sun fashe, layukan burushin kuma sun narke cikin mintuna kaɗan. Mai rola ya ci gaba daga ɗanyen bakin da ya bari, kada a tsaya sai an kai mahaɗa ko kusurwa. Abu mafi wuya shi ne kame hannu: idan ka hango wani ɗan aibi ko ƙwaro ya faɗa a inda ka wuce da minti biyar, ka ƙyale shi, domin fentin ya fara kamawa kuma taɓa shi zai bar tabon da ya fi na farko muni. Gobe samfefa za ta ɗauke shi. Shafi biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke zuba ya daskare da guntayen hawaye. Tsakanin kowane shafi ka jira lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, wanda ga irin wannan fenti yakan kai awa 16 zuwa 24, ka goge sama sama da lamba 400 zuwa 600, ka share ƙurar. Idan launi biyu za ka yi, ka fara da mai haske, ka bar shi ya yi kwanaki, sannan ka ja layi da tef mai kyau, ka kuma cire tef ɗin tun fenti na biyu bai gama bushewa ba don bakin ya fita tsaf.

Bayan fentin ya yi kamar mako ɗaya sai a mayar da kaya, kuma wannan matakin ne ke tabbatar da cewa ruwa ba zai dawo ba. Ka shimfiɗa tef ɗin butil, wato gam ɗin nan mai laushi da ba ya taurara, a bayan kowace sanda da firam ɗin taga ba tare da yankewa ba, ka ɗiga ɗan gam a kowane ramin sukuru, ka ɗaure da sababbin sukurori marasa tsatsa daga tsakiya zuwa gefe har ka ga gam ɗin ya ɓullo ta ko'ina, sannan ka yanke abin da ya fito da abin kankara na roba. Inda bai ɓullo ba akwai kafa, sai ka kwance ka sake. Ka sabunta robobin tagogi da na ƙofa, tagogin roba kuma a wanke su da ruwa da sabulu kawai, domin tina tana sa su tsattsage.

Aikin ciki, wato fentin kabad, labule da katifu, yana iya jira, kuma ka yi shi da kaya marasa nauyi. Gas da wutar lantarki kuwa ƙwararre ne zai gwada su kafin kowa ya kwana a ciki: a canja tsohon tiyon gas, a sa na'urar da ke yanke wuta idan ta zube, a rataya ƙararrawar da ke gano kabon monoksaid, wato iska mai guba marar wari, kuma kada sabuwar shimfiɗar daɓe ta toshe ramukan da ke ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi kuma ta nan yake fita idan ya tsiyaye. Ka kai gidan wurin da ake auna motoci ka kwatanta nauyinsa da abin da ke rubuce a farantin shasi. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar mota akan so ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin gidan da kayansa a tsarin Turai, a Amurka kuwa 10 zuwa 15, muddin bai wuce abin da motar ke iya ɗauka ba.

Fentin mai yakan bushe a hannu cikin kwana ɗaya, amma taurinsa na gaskiya yana ɗaukar makonni, saboda haka kada ka goge shi da man ƙyalli ko ka ɗaure masa tamfol a jiki har sai ya yi wata guda. Bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi, ka sake bin duk wuraren da ka rubuta adadinsu da na'urar auna danshi, ka kuma maimaita hakan sau ɗaya a kowace shekara tare da duba gam ɗin mahaɗar rufi. Ragowar fentin ka juye shi a ƙaramin gwangwani mai rufuwa sosai, ka rubuta sunansa da lambar launinsa a jiki, domin duwatsun hanya za su ƙwarzane gaban gidan, kuma duk inda ƙarfe ya bayyana ana so a taɓa shi da fentin shimfiɗa da na sama tun zaizaya ba ta fara ba.